Tafiyar ƙasa ta yini guda a Cinque Terre: jagora ga sababbin zuwa Italiya

Ɗan Bauchi ko Gombe da karatu ko aiki ya kawo shi arewacin Italiya, ba zai daɗe ba wani zai ce masa su je Cinque Terre. Ƙauyuka ne biyar a gaɓar teku a yankin Liguria, manne a jikin dutse: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, aka mai da yankin gandun ƙasa a 1999. Ana iya zuwa a dawo rana ɗaya daga Pisa ko Genoa, kuma yawo ne da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka, in dai an shirya.

Da jirgin ƙasa ake zuwa. Ku sauka La Spezia ko Levanto, ku shiga ƙaramin jirgin da ke tsayawa a kowane ƙauye, minti kaɗan ne tsakanin tasha da tasha. Mota ba ta da amfani a nan, hanyoyin ƙanana ne kuma wurin ajiye ta wahala. In tikitin takarda kuka yanka, ku tura shi cikin ƙaramar na'urar da ke tashar ta buga masa lokaci kafin ku hau, don in mai duba tikiti ya same shi ba hatimi tara ce, kuma ba ya sauraron "ni baƙo ne". Ku duba tun daren jiya ko akwai yajin aikin jirage, da Italiyanci sciopero. Katin izinin zamanku ya kasance a jikinku.

Babbar hanyar ƙafa ta bakin teku sunanta Sentiero Azzurro, kuma a lokacin baƙi sai da kati ake shigarta. Katin, mai suna Cinque Terre Card, iri biyu ne, na tafiyar ƙasa kawai da wanda ya haɗa da jirgi tsakanin Levanto da La Spezia. Wanda zai hau jirgi sau da yawa a ranar, na biyun ya fi masa sauƙi. Kuɗin yana canjawa da lokacin shekara, a duba kafin a fito.

Inda mutanenmu ke ruɗuwa shi ne lissafin nisa. Daga Monterosso zuwa Vernazza kilomita 3 da rabi ne ko kusa da haka, sai mutum ya ce ai wannan kafin a shanye kofin shayi an isa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake ci. Da barin Monterosso matakala ce ta dutse, ɗaruruwa, tana miƙewa sama tsakanin gonakin inabi da lemon tsami, matakan kuma ba tsayinsu ɗaya ba. A wasu wuraren hanyar mutum ɗaya take ɗauka, katangar dutse a hagu, gangare a dama, dole wani ya raɓe wani ya wuce. Wanda ya taso yana hawa duwatsun Dass ko Tula ya san irin wannan aiki, amma wanda ƙafarsa ta saba da Keke Napep zai ji a cinyarsa tun minti ashirin na farko. Gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, a nan ne kuma ake yawan gurɗewa, saboda gajiya ta shiga ido kuma yana kan teku maimakon ƙasa. In za ku ɗauki hoto, ku tsaya cak tukuna.

Daga Vernazza zuwa Corniglia ma kusan awa ɗaya da rabi ne. Waɗannan biyun sun ishi sabon shiga a yini ɗaya. Corniglia ita kaɗai ce ba ta bakin ruwa, tana kan tudu kimanin mita 100, kuma tsakaninta da tasharta akwai matakala kusan 380, ko da yake akwai ƙaramar bas. Gajeriyar hanyar Riomaggiore zuwa Manarola, wadda ake kira Via dell'Amore, an rufe ta a 2012 bayan zaftarewar duwatsu, sai 2024 aka buɗe, yanzu da lokacin da aka kama tun da wuri ake shiga.

Batun takalmi ba shawara ba ce, doka ce. An hana bin hanyar da silifas ko takalmi mai santsin ƙasa, tarar tana farawa daga Yuro 50. A sa rufaffe mai ƙwarin tafi, wanda aka riga aka taka, domin sabo fil yana fid da ƙuraje. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana harɗe ƙafa a matakala. Mata su sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da hijabi marar nauyi, maza su bar babbar riga da kaftani a ɗaki.

Kowa ya ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi, biyu in bazara ce. Kada ku ce ai kun saba da zafin Maris na gida: wancan busasshe ne, wannan da danshin teku, gumi yana zuba ba ya bushewa. A Yuli da Agusta ku kasance kan hanya kafin ƙarfe takwas na safe. Afrilu, Mayu da ƙarshen Satumba sun fi daɗi. Akwai famfuna a cikin ƙauyukan, wanda aka rubuta wa non potabile ne ba a sha.

Abinci ba ya gagara. Farinata wata irin waina ce ta garin wake irin na can da man zaitun, akwai taliya da pesto, wato miyar niƙaƙƙen ganye da man zaitun, akwai soyayyen kifi a cikin takarda, Monterosso kuma ta yi suna da ƙananan kifaye. Prosciutto, salame da pancetta duk alade ne. Wani burodin ana sa masa kitsen alade, sunansa strutto, don haka ku tambaya: senza maiale? Wato, babu alade? Sciacchetrà da za ku ga ana tallarta a kwalabe masu kyau giya ce. Dabino da gyaɗa a jaka sun fi komai amfani a tsakiyar hawa.

Don salla, ku fito da alwala da ƙaramar darduma mai naɗewa, alƙibla tana kudu maso gabas. Ku nemi lungu mai faɗi da ba zai tare wa mutane hanya ba, kada kuma ku shiga gonar wani, don duk mai shinge akwai mai ita. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, a Disamba kafin biyar ta faɗi, kuma babu fitila a hanyar.

Ruwan sama shi ne babban haɗari. A 25 ga Oktoba 2011 ambaliya da taɓo sun binne titunan Vernazza da Monterosso. Shi ya sa in hukuma ta fitar da gargaɗin allerta arancione ko rossa, wato mai launin lemo ko ja, ake rufe hanyoyin, kuma shingen da aka sa ba na tsallakewa ba ne. Ko yayyafi aka yi, dutsen yana santsi. Ku bi fentin ja da fari da ke jikin duwatsu, in kun yi tafiya ba ku gan shi ba ku koma inda kuka gan shi na ƙarshe. Lambar gaggawa 112 ce.

Sai teku. Wanda iyakar iyonsa Wikki ne kada ya yi tsalle daga dutse don ya ga yaran gari suna yi, ruwan Manarola da Riomaggiore yana da zurfi tun daga baki. Monterosso ce ke da rairayi mai faɗi inda za a tsoma ƙafa lafiya, jar tuta kuma tana nufin kada a shiga. Kafin ku zauna hutawa, ku duba lokacin jirgin ƙarshe da zai haɗa ku da na garinku a La Spezia, ku yi niyyar hawa wanda ke gabansa.