Yadda Iyaye Za Su Yi Amfani Da Allon Bayani A Gidan Namun Daji

Iyalai da yawa sukan wuce allon bayani ba tare da sun tsaya ba, domin hankalin yaro yana kan dabbar da ke cikin keji, rubutun kuwa ba don mai shekara biyar aka tsara shi ba. Allon ba ya karantar da yaro sai babba ya karanta shi ya mayar da shi hira.

A fara barin yaro ya kalli dabbar har ya gamsu. Daga nan uwa ko uba ya karanta allon a zuci, ya zaɓi bayani guda wanda ido zai iya gaskatawa nan take, ya mayar da shi tambaya. Idan allon ya ce wuyan raƙumin dawa yana da ƙasusuwa 7, daidai da na ɗan Adam, a sa yaro ya shafa bayan wuyansa, sannan a tambaye shi yadda aka yi adadi ɗaya ya ba da tsawo daban. Idan kuma an tarar da zaki a kwance har yara suka fara kiransa rago, a gaya musu cewa ko a dawa yakan huta kusan awa 20 a yini, mafi yawan farautarsa kuma da dare ne.

Sunan Latin da ke ƙarƙashin sunan dabba, wanda kowa ke tsallakewa, yana da amfani ga yaran da suka iya karatu. Tsarin suna mai kalma biyu ya kafu ne a hannun Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, kuma kalmar farko ita ce ta dangi. Yaron da ya ga Panthera leo a kejin zaki, ya kuma ga Panthera pardus a na damisa, zai gano da kansa cewa ’yan uwan juna ne.

Alamar da ta fi bukatar bayani ita ce ta ƙungiyar IUCN, wadda ke fitar da jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1964. Haruffan EN suna nufin dabbar tana cikin haɗari, CR kuwa tana gab da ƙarewa, matakin da aka sa giwar kurmin Afirka a 2021. A haɗa wannan alama da taswirar da ke gefenta, a nuna wa yaro yankin da dabbar ta rage.

Alluna huɗu ko biyar sun isa a ziyara ɗaya. Wanda rana ta koɗe rubutunsa a bar shi, a tambayi mai kula da dabbar.