Yadda ake zaɓen baka na koyon harbi ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Nauyin ja, wato ƙarfin da ake buƙata a ja tsirkiya, wanda ake aunawa da laba, shi ne ya fi ɓata wa sabon mai koyo lissafi. Mutum zai ɗauki baka mai laba 45 a shago, ya ja sau ɗaya, ya ce ai wannan ba komai ba ne. Amma a zaman atisaye guda za ka saki kibiya hamsin ko fiye, kowace kuma sai ka kawo tsirkiya gefen baki ka riƙe kafin ka saki. Idan baka ya fi ƙarfinka kafaɗa za ta ɗago, hannu ya kama rawa, ka riƙa sakin tsirkiya tun ba ta iso fuska ba. In wannan ɗabi'a ta kama mutum, raba shi da ita ya fi koyon harbin wuya.

Babban namiji ya fara da laba 25 zuwa 30, mace ko matashi 18 zuwa 25, yaro 10 zuwa 15. Gwajin mai sauƙi ne: ja har ƙarshe, ka riƙe daƙiƙa goma. In hannu ya yi karkarwa, sauko ƙasa.

Lambar nauyin ja da ke jikin baka an auna ta ne a jan inci 28. Wanda jansa ya wuce haka, kowane inci na ƙara masa wajen laba biyu, wanda bai kai ba kuma ya ragu da haka. Don sanin tsawon janka, buɗe hannuwanka, a auna daga kan ɗan yatsan tsakiya zuwa ɗayan, a raba da 2.5. Mai inci 70 jansa 28 ke nan.

Mafi dacewa da mai kuɗi kaɗan shi ne baka mai lanƙwasassun kawuna wanda ake warwarewa gida uku: mariƙi na katako a tsakiya, da rassa biyu da ake ɗaurewa da noti. Samick Sage, mai tsawon inci 62, shi ne sanannen misali, kuma akwai ire-irensa da yawa. Ranar da laba 25 ta yi maka sauƙi, rassa kawai za ka canza, mariƙi na nan. Dogon baka irin na Ingila ya fi girgiza hannu bayan saki. Gajeren baka na mahaya dawaki, irin na Turkiyya ko Mongoliya, na faiba yana da arha da ƙarko, sai dai ba shi da mazaunin kibiya, a kan hannu take kwanciya, kuma galibi da babban yatsa da zobe ake jansa. Koyonsa na ɗaukar lokaci. Bakan maharbanmu na itace shi ma ana iya koyo da shi, amma babu lamba a jikinsa, sai ka rataya sikeli a tsirkiya ka ja ka gani. Kibansu masu ƙarfe mai kunne ba na atisaye ba ne, balle waɗanda aka shafa wa dafi.

Kafin ka biya, san idon da ya fi ƙarfi. Nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai goce da shi ba, shi ne. Mai idon dama ya sayi bakan dama, wanda ake riƙewa da hagu a ja da dama.

Idan na hannu ne za ka saya, a ɗaura masa tsirkiya ka dube shi ta baya: dole ta raba rassan biyu daidai a tsakiya. In ta karkace, reshe ya murɗe. Bi gefen rassan da farce, ko ka goga auduga, duk inda ta maƙale akwai tsaga ko shimfiɗar faiba ta fara ɗagowa daga katako. Irin wannan ko kyauta ne ka bar shi, don a fuska yake fashewa.

Kada kuɗin duka su ƙare a kan baka. Kana bukatar igiyar ɗaura tsirkiya, domin taka baka da ƙafa a lanƙwasa shi ne ke murɗe rassa. Sai fatar kariyar damtse, da ta yatsu, waɗanda duk baduku zai ɗinka maka. Tsirkiyar Dacron, wani irin zaren roba, ta ishe ka. Takan gaza tsawon bakan da wajen inci huɗu. Bayan ɗaurawa auna tazarar tsirkiya da mariƙi. A baka mai inci 62 ana so ta kai inci bakwai da rabi zuwa takwas da ɗoriya. In ta gaza, tsirkiya za ta riƙa dukan hannu tana ƙara, sai ka cire ta ka murɗa ta kaɗan ta gajarta.

Kibiya shida sun isa farawa, amma su zama iri ɗaya, tsawonsu ya ɗara janka da inci ɗaya ko biyu, kada gajera ta zame ta soki hannun riƙo. Ga baka mai laba 25 zuwa 30, nemi ta kabon mai lambar tauri 600 ko 700. Yawan lamba, yawan laushi. Zaɓi mai gashin tsuntsu, domin na roba yana bugun mazaunin kibiya ya sa ta goce.

Abu biyu ke kashe baka da wuri. Na farko, sakin tsirkiya babu kibiya: ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar sai ya koma cikin rassa. Na biyu zafi, wanda a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. Baka da aka bari a rufaffiyar mota da rana a watan Afrilu, gam ɗinsa na iya saki. Bayan atisaye cire tsirkiya, ka kwantar da shi a inuwa, kada ka jingine shi a kan kai guda. Na itace zalla kuma a shafa masa ɗan mai lokacin hunturu, kada bushewa ta tsaga shi.