Yadda Ake Gano Ƙarafa a Cikin Hodar Iblis da Aka Kama

Idan jami'an hukumar NACOC, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a ƙasar Ghana, suka kama hodar iblis a tashar jiragen ruwa ta Tema, mai bincike a Accra ya fara rubuta wanda ya miƙa samfurin da lokacin, domin kotu za ta tambaya. Sai ya auna ɗan kaɗan, ya narkar cikin asid na naitirik mai tsabta, a mazubin roba, saboda gilashi kan saki nasa ƙarafan cikin ruwan. Daga nan ya tura shi cikin na'urar ICP-MS, wadda ke auna yawan kowane ƙarfe da ke cikin samfuri, ya gwada asid zalla don kwatantawa. Yawan ƙarfen manganis kan nuna an tace hodar da sinadarin famanganet, wanda ke ɗauke da manganis. A ganina, kamannin ƙarafa kaɗai bai isa a ce kaya biyu tushensu ɗaya ba, sai an duba abin da aka gauraya musu.