Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen manhajar tace sauti don fodkas

Kuskuren da na fi gani a wurin masu fara shirin fodkas shi ne su ɗauki murya a ɗakin da fanka ke juyawa, janareta na ruri a bayan taga, da zaton cewa manhaja za ta share komai daga baya. Manhajar cire ƙara tana aiki sosai ne a kan ƙarar da ba ta canzawa, irin shuuu ɗin makirufo ko gunjin lantarki, amma kukan yaro, hon ɗin babur da amsa-kuwwar ɗakin siminti suna shiga cikin muryar kanta. Maganin yana wurin ɗauka: a kashe fanka, a kusanto da makirufo kamar tazarar taƙi ɗaya daga baki, a zauna inda akwai labule, katifa ko darduma.

Na biyu shi ne gaggawar sayen mai tsada. Adobe Audition kuɗin wata-wata ake biya, alhali Audacity, wadda ta fito tun 2000, kyauta ce kuma ta ishi shirin mutum ɗaya ko biyu. Wanda ya buƙaci fiye da haka yana iya gwada Reaper kwana 60 kafin ya biya dala 60 na ƙaramin lasisi. GarageBand kuwa sai mai na'urar Apple.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne wuce gona da iri wajen cire ƙara. A Audacity, ana zaɓar daƙiƙa biyu ko uku da babu mai magana, manhajar ta koyi yanayin ƙarar ɗakin, sannan a shafa gyaran a kan dukkan sautin. Mutane da yawa suna mantawa su bar wannan shirun lokacin ɗauka, sai su zaɓi wurin da akwai numfashi ko ƙarshen kalma, manhajar ta ɗauki murya a matsayin ƙara. Wasu kuma suna kai ragin ƙarar har desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 25 ko 30, muryar ta koma kamar mai magana daga cikin randa. A fara da desibel 6 zuwa 12, a saurara da abin sauraro na kunne, kuma a yi amfani da zaɓin Residue, wanda ke jiyar da abin da za a cire kaɗai: in aka ji kalmomi a cikinsa, an yi yawa. A ganina, ɗan shuuu mai laushi ya fi muryar da aka ƙwaƙule har ta rasa ɗuminta. Gunjin lantarki kuma nasa maganin daban ne, domin a Nijeriya da Nijar yana kan mita 50 Hz (wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa), a Amurka 60 Hz, don haka wanda ya kwafi saitin darasin Amurka zai datse wurin da ba shi ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin Enhance Speech na Adobe, suna ba da mamaki, sai dai suna sake gina muryar ne, kuma wani lokaci suna cinye baƙaƙe. Mai shiri da Hausa ya gwada minti ɗaya tukuna, ya kasa kunne ga ɓ, ɗ, ƙ da ts, ya ji ko "ƙasa" ba ta koma "kasa" ba. Ya kuma tuna cewa sai an ɗora fayil a intanet, abin da ke cin data. Haka nan manhajojin da ake tace sauti ta hanyar gyara rubutunsa, a tabbatar suna jin Hausa kafin a biya.

Akwai kuma masu ajiye aiki a MP3, su sake buɗewa su gyara su sake ajiyewa, ingancin yana raguwa a kowane zagaye. A riƙe asalin a WAV, nau'in fayil da ba ya rage inganci, MP3 sai a ƙarshe. Kafin fitarwa a auna ƙarfin sauti: Apple Podcasts na ba da shawarar -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin sautin shiri gaba ɗaya), kuma shafin gyaran sauti na Auphonic na daidaita wannan kyauta har awa biyu a wata.