Yadda ake naɗa zaren kitso a injin fatsa ba tare da ya riƙa sulɓewa ba

In ka sayi zaren kitso, wato zaren fatsa da aka kitsa da siraran zaruruwa, irin PowerPro ko J-Braid ɗin nan, kar ka ɗaure shi kai tsaye a jikin kwarkwaron injin. Santsi gare shi sosai, ba ya kama ƙarfe, ranar da giwan ruwa ya ja sai ka ga kana ta juya hannu amma zare na ta fita, ka ce ai birkin injin ne ya lalace alhali duk naɗin ne ke juyawa a kan kwarkwaron gaba ɗaya. Maganin shi ne ka fara shimfiɗa zaren roba, wato mono, a ƙasa. Kuma yana rage maka kashe kuɗi, don kitson siriri ne, mai ɗaukar nauyin fam 30 kaurinsa bai wuce na mono mai fam 8 ba, mita 135 da ake sayarwa a ƙaramin kwali ba lallai ya cika injin mai girman lamba 4000 ba.

To da farko ɗaura injin a sanda, zura monon ta zoben da ke kusa da injin, ka ɗaga wayar nan mai lanƙwasa da ke jera zare a kan kwarkwaron kafin ka ɗaure, in ka manta sai ka kwance ka sake. Zagaya kwarkwaron da zaren, yi zarge a jikin doguwar igiyar, ƙara ƙulli ɗaya a bakinta don kar ya zame, ja ya kama, sauke wayar ka fara naɗi. Ko mono mai araha ya wadatar tunda ba shi zai shiga ruwa ba. Aƙalla dai ya rufe ƙarfen ruf, in kitsonka gajere ne ka ƙara har wajen rabi.

Haɗa monon da kitson ne ke son natsuwa. Jera bakunan biyu su wuce juna kamar taƙi ɗaya. Lanƙwasa bakin monon ya yi da'ira, ka zagaye zaren biyu ta cikinta sau 5, ja kaɗan. Ɗaya ɓangaren ma haka, amma kitson ka ba shi zagaye 8 ko fiye saboda santsin nan nasa. Shafa yawu, ja dogayen biyun har ƙullin su haɗu su matse, sannan ka datse bakunan kurkusa. Sabuwar reza ta fi, almakashin gida tauna kitson kawai yake yi.

Sai naɗin kitson. Samu wani ya soka biro a tsakiyar kwarkwaron da zaren ya zo a kai ya riƙe maka, kai kuma ka matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma kana juyawa a hankali. Ban da hannu tsirara fa, yana yanka yatsa. Matsewar nan ita ce rabin aikin, in naɗin ya yi sako-sako na sama zai nutse cikin na ƙasa lokacin da kifi ya ja, jifa na gaba ya maƙale. Danna da babban yatsa, in ya lotsa warware ka sake.

Ka tsaya in ya rage milimita 2 zuwa 3 ya kai leɓen kwarkwaron. Wasu na cikawa fal wai don jifa ya yi nisa, ni dai ban ga ribarsa ba, zaren ne zai zubo a dunƙule ya cukurkuɗe, kuma kitso in ya cukurkuɗe yawanci sai dai reza.