Idan Cuta Ta Ɓulla a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa: Abin da Za Ka Yi Tun Daga Tari na Farko

Ni nas ne, kuma na yi aiki a asibitin wani jirgin ruwa mai ɗaukar masu yawon shaƙatawa a lokacin da jirage suka koma teku bayan kullen korona. Asibitin yana can ƙasan jirgi, inda ba taga, ƙarar inji kuwa har cikin ƙafarka kake jin ta. Likitoci biyu ne da mu nas-nas 'yan kaɗan, ga mutane dubbai a samanmu suna ci suna sha. Abin da zan faɗa a nan na ma'aikacin lafiya ne da zai shiga irin wannan aiki, amma fasinja ma zai ƙaru, don rabin aikin a hannunsa yake.

Fara da sanin irin wurin da kake ciki. Jirgin nan gari ne guda da aka rufe a cikin kwano. Lif ɗaya, ƙarfen matakala ɗaya, cokalin ɗiban abinci ɗaya da hannu ɗari zai taɓa kafin azahar. Da yawa daga cikin fasinjoji kuma dattawa ne masu hawan jini da ciwon suga. Jirgin Diamond Princess ya nuna wa duniya abin da hakan ke haifarwa. Wani tsoho ɗan shekara 80 ya hau a Yokohama ta Japan ranar 20 ga Janairun 2020, ya sauka a Hong Kong ranar 25, aka tabbatar yana da cutar korona ranar 1 ga Fabrairu. Mutum 3,711 ne a jirgin. Kafin a gama, 712 sun kamu, aƙalla 13 sun rasu.

Ka sa faɗin ciwo ya zo wa mutane da sauƙi

Wannan shi ne babban aikin, kuma ba a cikin asibiti ake yin sa ba. Mutumin da ya tara kuɗi shekara biyu don tafiyar mako ɗaya ba zai zo da ƙafarsa ya ce maƙogwaronsa na ƙaiƙayi ba, alhali ya san za a rufe shi a ɗaki. Zai haɗiyi farasitamol ya tafi kallon wasa. Na ga wata baiwar Allah da ta kwana uku da zazzaɓi tana ɓoyewa. Mai gyara mata ɗaki ne ya lura kwandon shararta ya cika da tishu da fankon magani, ya zo ya raɗa mana. Da na je, kafin in buɗe baki ta fashe da kuka, ta ce bikin cika shekara arba'in da aurensu suka zo yi. Ban ga laifinta ba. Amma a kwana ukun nan ta zauna teburi ɗaya da mutum shida kowane dare.

Saboda haka, tun ranar farko ka matsa wa shugabannin jirgi su sanar da abu uku a fili: gwajin cutar da ake annobarta kyauta ne, ganin likita saboda ita kyauta ne, kuma wanda aka killace za a mayar masa da kuɗin kwanakin da ya rasa ko a ba shi wata tafiyar. Inda aka yi haka, wayar asibiti tana ƙara da wuri. Inda aka bar mutane suna tsoron kuɗin likita, sai ciwo ya ci ƙarfinsu kake ganinsu.

Ka kuma koya wa masu gyaran ɗaki da masu kai abinci abin da za su sa wa ido. Su ne idonka. Sannan a gaya wa kowa: in ka ji ba daidai ba, kada ka sauko asibiti, ka zauna a ɗakinka ka buga waya. Mu za mu zo. Mai tari da ya shiga lif ya sauko hawa takwas ya riga ya raba abin da ya ɗauko.

Zuwa ɗakin mara lafiya

Kafin ka ƙwanƙwasa, ka sa takunkumi mai kama fuska sosai irin N95, da gilashin kare ido, da riga, da safar hannu. Ka miƙa masa takunkumi shi ma. Ka auna zafin jiki da bugun zuciya da yawan numfashi, ka maƙala masa 'yar na'urar auna iskar oksijin a yatsa. Kada ka yarda da bakinsa kawai, don korona takan sauke iskar jini mutum yana zaune yana hira da kai. Lambar da ta fara yin ƙasa da 94 tana son a riƙa dubawa a kai a kai, wadda ta kai 90 ko ƙasa kuwa ta gadon asibiti ce da oksijin, ba ta ɗaki ba.

Ka yi gwajin gaggawa nan take. In ya nuna babu amma alamu suna nan, kada ka sake shi. Ka bar shi a keɓe, ka yi gwajin PCR, wanda ya fi na gaggawa gano cutar, in jirgin yana da injin, ko ka maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka gwada mura mai tsanani ma, don takan zo da kama ɗaya, kuma tana da maganinta da ya fi aiki in an fara cikin kwana biyu.

Wurin cire kaya ne ma'aikata suka fi kamuwa. Gajiya ta sa mutum ya fizge takunkumi da safar da ya taɓa mara lafiya. Ka cire safar hannu da riga tukuna, ka wanke hannu, sannan gilashi, takunkumi a ƙarshe bayan ka fita, ka sake wanke hannu. In da hali wani ya tsaya yana kallonka.

Raba wuri gida biyu

Kafin jirgi ya tashi ya kamata a ware jerin ɗakuna a bar su babu kowa, kusa da asibiti, masu baranda in za a samu. Wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar a kai shi can. Wanda ya yi cuɗanya da shi amma bai nuna alama ba, shi killacewa ce tasa, a wani sashen dabam. Kada a haɗa su.

A ja layi a ƙasa, da tef mai launi, kowa ya san daga nan zuwa can wurin cuta ne, daga nan zuwa can wuri mai tsabta ne, kuma ba mai tsallakawa da kayan da ya shiga da su. Wannan ne abin da Farfesa Kentaro Iwata na Jami'ar Kobe ya koka a kai bayan ya shiga Diamond Princess ranar 18 ga Fabrairun 2020: ya ce bai ga an bambance wurin da cuta take da wurin da ba ta ba. Ka yi magana da injiniyoyi kuma su daina juya tsohuwar iska a sashen, su riƙa shigo da sabuwa daga waje. In za a kai mara lafiya, a tsayar da lif ɗaya dominsa, a share hanya, a goge bayan wucewarsa.

Neman waɗanda suka yi cuɗanya da shi ya fi sauƙi a jirgi fiye da cikin gari. Katin ɗakin fasinja shi ne kuɗinsa, shi ne makullinsa, don haka kwamfuta ta san inda ya ci abinci da motar da ya shiga ranar yawon gari. Ka koma baya kwana biyu kafin alamunsa su fara. Abokin ɗaki, abokan teburi, mai yi masa hidima, mai gyara masa gado.

Ma'aikatan jirgi

A nan nake son in daɗe, domin nan ne ake yin sakaci, kuma abin yana ci mini rai. Idan aka rufe fasinjoji a ɗakuna, wa ke dafa musu abinci, ya kai ƙofa sau uku a rana, ya kwashe shara, ya wanke zannuwa? Ma'aikata ne, akasarinsu daga Filifin da Indiya da Indunusiya, masu kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakunan ƙasa, banɗaki ɗaya, wurin cin abinci ɗaya. A Diamond Princess, cikin ma'aikata 20 na farko da aka tabbatar sun kamu, 15 masu aikin abinci ne, kuma 16 a hawa ɗaya suke kwana. A jirgin Grand Princess da ya tsaya a gaɓar Kalifoniya ta Amurka a watan Maris na 2020, mutum 21 gwajin farko ya kama, 19 daga ciki ma'aikata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ma'aikaci ya fi fasinja ɓoye ciwo, don shi abincin gidansu yake tsoron rasawa. Wani yaro mai wanke-wanke a jirginmu ya yi aikin dare biyu da zazzaɓi saboda mai kula da sashensu ya ce hannu ya yi ƙaranci. Da muka gano, abokan ɗakinsa sun riga sun kamu. Tun daga ranar na daina jiran a turo mini su. Nakan sauka wurin cin abincinsu da na'urar auna zafi, in zauna in yi hira da su. Ka nemi kyaftin ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya kwanta ciwo albashinsa na nan, kuma shugaban sashen da ya hana yaronsa zuwa asibiti shi ne mai laifi. Ma'aikacin da ya kamu a fitar da shi daga ɗakin haɗaka a ba shi ɗakin fasinja shi kaɗai. A raba su rukuni-rukuni, masu yi wa sashen cuta hidima kada su haɗu da masu kicin, ko a wurin ci ko a wurin shan iska.

In amai da gudawa ne

Kada korona ta sa ka manta da tsohuwar cutar jirage, wato norobairos. Ita man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta yadda ya kamata, sai sabulu da ruwa, sai bilic a wuraren da ake taɓawa. A hana fasinjoji ɗiban abinci da kansu, ma'aikaci ya zuba musu. Mara lafiya ya zauna a ɗaki har ya yi kwana ɗaya cur ba alama, mai aikin abinci kuwa kwana biyu. A ba shi ruwan gishiri da suga. Jiragen da ke shiga tashoshin Amurka suna kai rahoto ga CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, kuma idan masu ciwon suka kai kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko na ma'aikata, hukumar takan bayyana ɓarkewar ga jama'a.

Wanda aka rufe a ɗaki mutum ne

Kwana biyar ko goma a ɗakin da bai fi shago ba yana taɓa hankali. Ka kira kowane ɗaya safe da yamma, ba don lambobi kaɗai ba. Tambaya ta farko da nake yi: maganinka na kullum saura na kwana nawa? Mutane sukan zo da na mako ɗaya daidai, sai killacewa ta tsawaita, insulin ko maganin hawan jini ya ƙare. A Diamond Princess fasinjoji har ƙyalle suka rataya a jikin jirgi suna sanar da ƙarancin magani. A buɗe musu intanet kyauta su ji muryar 'ya'yansu. Abinci ya iso da zafinsa. Kyaftin ya riƙa magana ta lasifika kullum, ya faɗi adadin gaskiya, don jita-jita a jirgi ta fi cutar gudu.

Tasha da sauka

Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun ɗora wa kyaftin sanar da hukumar tasha duk ciwon da ke jirginsa kafin ya iso, a takardar bayanin lafiyar jirgi. Kai ne za ka ba shi adadin, don haka kada ka rage ko mutum ɗaya, ko da an matsa maka. Ka kuma fara neman gadon asibiti a tudu tun mara lafiya yana iya magana. Oksijin ɗin jirgi yana da iyaka, injin taimakon numfashi ɗaya ne ko biyu, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya kaiwa tsakiyar teku. Tasha ma tana iya rufe ƙofa: jirgin Zaandam ya yi ta yawo a gaɓar Kudancin Amurka a Maris 2020 ana hana shi tsayawa, mutum huɗu suka rasu a cikinsa kafin ya samu shiga Fulorida ta Amurka ranar 2 ga Afrilu.

Kishiyar wannan ita ce sakin mutane da gaggawa. Ranar 19 ga Maris 2020 aka bar fasinjoji kusan 2,700 suka sauka daga Ruby Princess a Sidni ta Ostareliya alhali sakamakon gwaji bai fito ba. Suka watsu cikin jiragen sama da na ƙasa, ɗaruruwa suka kamu, aka danganta mutuwar mutum 28 da jirgin. Duk lokacin da wani fasinja Musulmi ya matsa mini sai ya sauka, nakan tuna masa hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka a cikinsa, kuma sau da yawa hankalinsa yakan kwanta. Amma jiran sakamako dabam, tsare mutane makonni a cikin jirgi dabam. Da zarar tudu ta shirya wurin killacewa, a sauke su kashi-kashi: masu tsananin ciwo da fari, sai tsofaffi da masu ɗakunan da ba taga, kowa da takardar sakamakonsa da lambar da za a same shi.

Kai kuma fasinja, kafin ka hau: ka yi rigakafin da ake bukata, ka sayi inshorar da ta ambaci killacewa da ɗaukar gaggawa a rubuce, ka zo da maganinka na ƙarin mako biyu a jakar hannu tare da takardar likita mai sunayen magungunan. In aljihu ya yarda, ka kama ɗaki mai baranda. Lambar asibitin jirgi tana jikin wayar ɗakinka, ka duba ta tun daren farko.