Kafin Ka Yanke Wa Famfon Gwajin Geji Hukunci

Famfon hannu da ake daidaita gejin matsi (agogon auna matsi) da shi ba kasafai yake lalacewa ba. Yawanci datti ne ko zafi ke sa shi ƙarya, don haka a gwada shi kafin a kwance shi.

Toshe bakin tiyo, ka bar amintaccen gejinka shi kaɗai a kai. Mayar da maɓallin daidaitawa tsakiya, rufe bawul ɗin sakin iska, ka buga zuwa bar 20 (bar ma'aunin matsi ne), in famfon na kaiwa nan. Allura za ta ɗan sauko, kada hankalinka ya tashi: iskar da aka matse zafi take ɗauka, tana hucewa matsi na raguwa. Ka ba ta kamar minti 3. In saukowar ta yi ta lafawa har ta tsaya, lafiya lau. In kuwa ba ta tsaya ba, yoyo ne. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ta tashi nan ne. A Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, famfon da ya sha rana a bayan mota sai ya huce a ɗakin gwaji tukuna.

In kana bugawa allura na hawa tana komowa, bawul ɗin hana iska komawa ne ya ci datti. Ƙurar hunturu, ko ta siminti ga masu aiki a masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato, tana shiga tare da iska, mai da ruwan cikin gejin da ake gwadawa kuma su biyo tiyo lokacin saki. Saki matsi duka, shimfiɗa farin ƙyalle, ka ciro sifirin (naɗaɗɗiyar waya) da zoben roba na bawul ɗin a kan ƙyallen, don ƙanana ne, in sun faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Wanke su da ramin bawul ɗin da sifirit na isopropyl, ka bari su bushe. Ban da fetur, kumbura roba yake yi. Zoben da ya tsage ko ya baje a canza shi.

Kada ka juya famfo zuwa zuƙar iska alhali akwai matsi a ciki.

Famfon gwaji mai aiki da ruwa ko mai kuwa, in hannunsa ya yi laushi kamar soso, iska ce ta maƙale. Buɗe bawul, yi ta bugawa har kumfa ta daina fitowa a tanki, sannan ka rufe. Gejin iskar oksijin kada mai ya kusance shi ko ɗigo, gobara ce.